Ƙanwa da Kanwa

Saƙon ya faɗo wayoyin iyaye ne da safe, lokacin da kowa ke fama da neman safa da cika wa yara gorar ruwa. Gajere ne, kuma cikin ladabi aka rubuta shi, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Ya ce ɗakin maganin makaranta yana sanar da iyaye cewa 'yar tela, ta ajin ƙarshe, tana da farfaɗiya, don haka kowa ya ja wa ɗansa kunne kada ya sha ruwa a kofi ɗaya da ita. An sa cikakken sunan yarinyar, har da na ubanta, don kada wani ya yi ɓatan kai.

Kafin a kaɗa ƙararrawar hutu, kujerun da ke kewaye da ita sun zama wayam. Kafin a tashi, iyaye sun cika bakin ƙofar makaranta. Wasu na cewa a kori yarinyar, wasu na cewa a kori Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin magani, tunda ta tona asirin marar lafiya. Da yawa ma duka biyun suke so. Shugabar makarantar mace ce da ba ta son hayaniya a ƙofarta, sai ta zaɓi wadda korarta ta fi sauƙi. Ta dakatar da Sista, ta ce ƙarshen mako za ta kai ƙararta hukumar da ke ba su lasisin aiki.

Sista ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe cewa ba ita ta aika ba. Ba wanda ya saurare ta, ga sunan ofishinta nan ɓaro-ɓaro a saman saƙon.

*

Akwai wata mata da ake ce wa Mai Sawu a gari. Sana'arta bin diddigin saƙonnin imel na ƙarya, ta gano daga wace na'ura suka fito da hannun da ya tura su. Ba ta da yawan magana, kuma aikin ya koya mata cewa mutanen da suka fi kiran gaskiya su ne suka fi jin haushi idan ta zo. Shugaba ta kira ta ne saboda dalili ɗaya: ƙanwar Mataimakin Shugaba ce, ta gida, ba za ta kai maganar waje ba.

A ƙofar ofis ta tsaya ta yi murmushi. Wani ya manna takarda mai cewa a rufe kofa, wani kuma ya bi da jan biro ya lanƙwasa wa harafin farko kai, ya mai da shi ƙofa. Ba sai an gaya mata ba, hannun Yayanta ne, Mataimaki. Babansu mai haɗa haruffa ne a maɗaba'a, mutumin da zai yafe maka ka fasa masa kofi amma ba zai yafe maka ka bar harafi ba ƙugiya ba. Yakan ɗaga kan Yaya daga littafi ya nuna ta da yatsa ya ce, “Ka ga wannan? Ƙanwarka ce. Ka cire mata ƙugiya, ta koma kanwa, ko a baki ba za ka iya riƙe ta ba.” Baba ya rasu tana ƙarama, Yaya ne ya ƙarasa renonta, shi ya fara ɗora yatsunta a kan madannan kwamfuta. Har gobe duk saƙon da zai turo mata da kalma ɗaya yake farawa, Ƙanwata, da ƙugiyarta cas.

“Ba wani dogon aiki ba ne,” in ji Shugaba, bayan an gaisa. “Ki duba ki rubuta mana cewa daga wurinta ya fito, mu haɗa da takardar ƙara.”

“Idan kuma ba daga wurinta ya fito ba fa?”

Shugaba ta dube ta kamar ta yi tusa a taro. Yaya, wanda ke zaune a gefe da jan bironsa a aljihun gaba, ya yi dariya.

“Na gaya miki, ranki ya daɗe, wannan ba ta iya cewa to ba. Ƙanwata, ni dai da kin bar shi. Aiki ya yi miki yawa, ga abin a fili yake.”

“Ai na riga na zo, Yaya. Su wa suka san da ciwon yarinyar?”

“Sista, sai ni, sai Mataimaki,” in ji Shugaba. “Dole ta gaya mana saboda jarrabawa. Ni kuwa ba ni da lokacin wannan shirme, Yayanki kuma ko firinta sai an kunna masa.”

Yaya ya ɗaga hannu biyu yana dariya, alamar ya amsa laifinsa. Mai Sawu ta yi murmushi. Ta san ya daɗe da barin harkar kwamfuta ya koma alli da allo, ta kuma san a makaranta wanda ya nuna ya iya abu, shi za a ɗora wa shi har ya mutu.

*

Ta sami Sista a ɗakin magani tana zuba kayanta a kwali. Ɗan ɗaki ne mai gado ɗaya, da labule kore, da warin man wanke ciwo. Sista doguwa ce mai furfura a goshi, idanunta sun kumbura amma yanzu sun bushe.

“Ke ce ƙanwar Mataimaki?”

“Ni ce.”

“To Allah ya ba da sa'a.” Ta ci gaba da naɗe bandeji.

“Sista, ba na zo in ƙara miki ba ne. Ina so in ga akwatin imel ɗinki.”

Ta miƙo wayar ba tare da ta dube ta ba. Akwatin ya cika da amsoshin iyaye, zagi iri-iri, har da masu yi wa 'ya'yanta fatan abin da ya fi farfaɗiya. A cikin saƙonnin da ta aika babu wannan, amma wannan ba hujja ba ce, kowa ya iya gogewa.

“Wani ya san kalmar sirrinki?”

“Ko ya sani sai lamba ta shigo wayata. Wayar kuma ko wanka zan shiga tana kusa.”

“Akwai wanda kuka yi faɗa da shi?”

“Injiniya. Na kama shi yana barci a kan gadon marasa lafiya da takalmi, na kai ƙara.” Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani suna, sai ta dubi fuskar Mai Sawu ta fasa. “Shi ke nan.”

“Kin tabbata?”

“'Yar nan, ni na riƙe kan yarinyar nan a cinyata ranar da ta faɗi, na goge mata baki da mayafina. Ni na ce wa ubanta ya kwantar da hankalinsa, magana ta mutu a ɗakin nan. Jiya na gan shi a hanya, ya tsallaka titi. Lasisin ma su karɓa. Amma in mutu mutumin nan yana ganin ni na yi masa haka, wannan ne ba zan iya haɗiyewa ba.”

Mai Sawu ta tura wa kanta wasu tsofaffin saƙonnin Sista, ta mayar mata da wayar. Sannan ta fito.

*

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, kowane imel yana da kai, wasu layuka da ake ɓoyewa a sama don kada su dami mai karatu. Kamar ambulan ne. Layin da ke cewa daga wane, mai aikawa ne ke rubuta shi, yana iya sa sunan da ya ga dama. Amma duk na'urar da saƙo ya ratsa sai ta buga masa tambarinta, wani a kan wani, kuma tambarin da ke can ƙasa shi ke nuna inda tafiyar ta fara. Daga ƙasa Mai Sawu take karatu.

Ta buɗe kan saƙon a kwamfutarta, a kan bencin da ke baranda. Tambarin ƙasa bai ce wayar Sista ba, bai ce akwatinta ba. Na'urar makarantar ya nuna, wadda ake tura wa iyaye sanarwar hutu da ita. Wani ya zauna a gabanta ya canza layin mai aikawa, ya kuma cika layin da ke cewa a mai da amsa ga wane da adireshin Sista, don duk zagin ya sauka a kanta. Wannan ba fushi ba ne, an zauna an tsara shi.

Na'urar tana wani lungu bayan ofis, tsakanin tsofaffin kujeru da kwalayen alli. Mai kula da ita shi ne Injiniya, sunan da ɗalibai suka laƙaba masa don tsokana ya kuma karɓa hannu bibbiyu. Ta same shi yana shan shayi, ƙafa a kan tebur, allon kwamfutar a buɗe.

“Daga nan saƙon ya fita,” ta ce.

Shayin ya sarƙe shi. “Daga ina? Anti, ki ji tsoron Allah.”

“Wa ke taɓa na'urar nan ban da kai?”

“Ba kowa. Wato, kowa. Ƙofar ba ta da makulli, na yi magana har na gaji.”

“Kana rufe allon idan za ka fita?”

Ya sosa ƙeya. “In na rufe sai ta yi ta nauyi kafin ta dawo.”

“An ce Sista ta taɓa kai ƙararka.”

“Don na ɗan miƙe bayana? Ai mun shirya, har maganin mura ta ba ni. Anti, ni ban ma san yarinyar tana da wani ciwo ba sai da na karanta a wayar maƙwabciyata.”

Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Yana da na'urar, yana da dalili, ga shi kuma da fuskar marar gaskiya, irin wadda Allah ke ba wasu bayinsa kyauta ko ba su yi komai ba. Da Shugaba ta ji, har ta fara sakin fuska. Ba ta damu da ko wane ne ba, ita dai a samu wanda za a kora. Amma abu ɗaya ya tsaya wa Mai Sawu: ta yaya malalacin da ba ya iya rufe allo zai san sirrin da mutum uku kaɗai suka sani?

*

Shagon Tela yana kan hanyarta, ta tsaya. Mutum ne ƙanƙani mai tabarau a kan hanci, bai tsai da keken ba sai da ta faɗi abin da ya kawo ta. A can ciki, bayan labulen da masu gwada kaya ke shiga, ta hango ƙafafun yarinya da gefen littafi.

“Ba ta fita,” in ji shi. “Ko ɗebo ruwa. Ƙawayenta da suke cin abinci kwano ɗaya, ko waya.”

“Akwai wanda zai so ya cuce ku, Baba?”

“Ni? Wa ya san da zamana? Sai dai ita. Tun tana ƙarama ba ta taɓa zuwa ta biyu ba.” Ya cire tabarau ya goge. “Kin san duk shekara makarantar tana tura ɗalibi ɗaya kwalejin kimiyya ta kwana. Bana ita aka ce. Na riga na ɗinka mata kayan. Shekaranjiya Shugaba ta kira ni ta ce, da wannan surutu, gara a ba wani, wai don lafiyar yarinyar.”

“Wa aka ba?”

“Ban tambaya ba. Me zan yi da sunan?”

Ya koma kan kekensa. Kayan makarantar suna rataye a bango, an goge su, an rufe da leda.

*

Ba sai ta tambaya ba ita ma. Da yamma ta biya gidan Yaya, kamar yadda ta saba, ta tarar da falo a hargitse da bokiti da zanen gado da sabuwar akwatin ƙarfe. Ummi, 'yar Yaya ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyarsu, ta rugo ta rungume ta.

“Gwaggo, an ba ni kwalejin. Jiya aka aika sunana. Abba ya ce kada a faɗa sai ya tabbata.”

Mai Sawu ta riƙe ta, ta yi mata barka, kuma har zuciyarta ta yi murna, don yarinyar nan a bayanta ta girma. Ummi ita ce ta biyu a aji tun da aka fara, kullum da ɗan tazara kaɗan, tazarar da ta fi ci wa ubanta rai fiye da ita.

“Ki ga abin da Abba ya sa ni,” in ji Ummi, tana nuna murfin akwatin. “Na rubuta jerin kaya na manna, wai na bar ƙugiya a ƙaramin tawul, sai da na sake gaba ɗaya. Na ce Abba wa zai duba? Ya ce shi.”

Yaya ya fito daga ɗaki yana dariya. “Gado ne, ba yadda za ki yi. Ƙanwata, ya aikin? An ce kin kama Injiniya.”

“Ban kama kowa ba tukuna.”

“Ai shi ne. Kada ki wahalar da kanki.”

Matar Yaya ta kawo abinci. Mai Sawu ta ci loma kaɗan ta ajiye cokali. Wani layi ne ya dawo mata a ido, layin da ta gani da rana a kan saƙon ta wuce shi, don hankalinta yana kan tambura. Ta ce kanta ke ciwo, ta yi sallama. A bakin ƙofa Yaya ya gyara mata mayafi a kafaɗa, kamar yadda yake yi tun tana zuwa firamare.

*

Da safe ta riga Injiniya zuwa lungun. Ta jera tsofaffin saƙonnin Sista a gefe ɗaya, na ƙaryar a ɗaya gefen, ta buɗe kawunansu.

A duk na Sista, layin mai aikawa yana cewa Dakin Magani, da harafi tsirara, yadda ta buga shi a wayarta ranar da ta buɗe akwatin. A na ƙaryar kuwa ga abin da ke wurin:

=?UTF-8?Q?=C6=8Aakin_Magani?=

Kan saƙo tsohon tsari ne, haruffa marasa ƙugiya kaɗai ya sani. Duk harafin da ke da ƙugiya sai an naɗe shi cikin irin waɗannan lambobi kafin ya wuce, idan ya isa wayar mai karatu sai ta warware shi. Iyaye sun ga Ɗakin Magani, idonsu ya wuce, don ba wanda ke tsayawa duba kan harafi yana cikin karanta abin kunyar maƙwabci.

Injiniya ya shigo da kofinsa, ya gan ta, ya tsaya cak.

“Zo ka rubuta mini Ɗakin Magani a wurin sunan mai aikawa,” ta ce. “Da ƙugiya.”

“Ai ba ta ci, Anti. Manhajar nan tsohuwa ce, in kika sa mata harafi mai ƙugiya sai ta yi amai, alamar tambaya kawai za ta fito. Shi ya sa ni ba ruwana da su.”

“Gwada dai.”

Ya daɗe yana laluben inda harafin yake. Da ya tura gwaji, sai ga shi ya fito daidai. Ya buɗe baki yana kallon allon.

Ta ture shi gefe ta buɗe cikin manhajar. Ga shi nan, ƙarin layi biyu da ba su cikin tsohon kwafin da ke ajiye, an rubuta su tsaf, aikinsu kawai su naɗe harafi mai ƙugiya. Mutum ya saci jiki ya shigo lungun nan, kowane lokaci ana iya turo ƙofa, yana shirin kashe rayuwar yarinya da ta mace mai furfura. Ya buga sunan, ya ga ƙugiyar ta lalace. Da ya bar harafin tsirara, da ya yi daidai da na Sista, da sawun ya tsaya a kan Injiniya. Amma hannunsa ya ƙi. Ya zauna ya gyara manhajar.

Mutum biyu ta sani a duniya da suka iya wannan gyaran kuma ba za su iya barin harafin haka ba. Ɗaya ita ce. Ta zauna a kan kwalin alli.

*

Ta ce wa Shugaba a tara kowa a ɗakin malamai bayan an tashi, har da Sista da Tela. Kafin lokacin ta tare Yaya a baranda, inda ba kowa sai tsintsiya da bokitin shara.

“Yaya, Sista ba ta sa wa ɗaki ƙugiya.”

Bai tambaye ta me take nufi ba. Ya daɗe yana kallon filin wasa, sannan ya cire jan biron daga aljihu ya juya shi a hannu.

“Yarinyar ba za ta iya zaman kwana ba,” ya ce a hankali. “In ta faɗi a banɗaki fa? Na je na roƙi Sista ta rubuta haka a rahoto, ta ƙi, wai da magani lafiyarta ƙalau. Ni ban yi ƙarya ba. Ciwon akwai shi.”

“Ka ce kada a sha ruwa a kofinta. Ka san ba a ɗauka.”

“Ummi ta yi shekaru tana kwana a kan littafi.”

“Ita ma 'yar tela haka.”

Ya juyo ya dube ta. Ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. “Ki ce sawun ya ɓace. Ki ce ba Sista ba ce, ba a san ko wane ne ba. Kowa ya huta.”

“Shugaba ba za ta huta ba sai ta kori wani. Injiniya za ta kora. Tela kuma zai ci gaba da tsallaka titi, don zai ce rufa-rufa aka yi.”

“Injiniya,” ya maimaita, kamar sunan wani ƙwaro. “Ni na goya ki ranar da aka fita da Baba. Ni na koya miki abin da kike so ki yanka ni da shi yau. Ban taɓa roƙonki komai ba.”

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Ta so ƙasa ta tsage. Ta ce, “Ka faɗa da bakinka, Yaya. Ya fi sauƙi.”

“Ba za ki iya ba,” ya ce, ya mai da biron aljihu, ya wuce ciki.

*

Ɗakin malamai yana warin alli da ragowar abinci. Shugaba ta zauna a kan tebur, Yaya a damanta. Injiniya ya raɓe kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu. Sista da Tela suka zauna nesa da juna, kowa na kallon bango daban.

Mai Sawu ta haska kan saƙon a jikin allo. Ta nuna musu tambarin ƙasa, ta ce daga lungun bayan ofis ya fita, ba daga hannun Sista ba. Tela ya ɗago kai a karo na farko.

“To Injiniya ke nan,” in ji Shugaba, har ta jawo takarda.

“A'a, ranki ya daɗe.” Ta nuna layin lambobin, ta bayyana abin da yake ɓoyewa, ta jera shi da sunan da Sista ke amfani da shi. “Injiniya bai san inda harafin yake a madannai ba. Shi ya rubuta takardar da ke ƙofar ofishinki. Wanda ya aika saƙon nan ya san ciwon yarinyar, ya iya gyara manhaja, kuma ba ya iya ganin harafi ba ƙugiya ya wuce.”

Ta juya wajen Yaya. Ta ba shi lokaci ya faɗa da bakinsa. Yaya yana zaune ya harɗe hannu, yana kallonta da irin kallon da yake mata idan tana ƙarama ta ce za ta tsallake kwata. Idanun mutane suka fara tafiya da kansu, daga allo zuwa ƙofar ofis, daga can zuwa aljihun gaban rigarsa. Amma ba wanda zai furta. Shugaba ma ta fara tattara takardunta, da alamar za ta ce a bar maganar haka.

Sai Mai Sawu ta dubi Sista, wadda ta sani tun farko ta kuma yi shiru saboda ta ɗauka jini ba ya ba da shaida a kan jini.

“Yayana ne,” ta ce. “Mataimakin Shugaba.”

Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya motsa. Yaya ya miƙe, ya gyara kujerarsa ta koma daidai da tebur, ya fita. Tela ya tashi ya taka har gaban Sista, ya cire hularsa. Ita ce ta ce masa, “Ba komai, Baba. Ya jikin nata?” Sannan ta rufe fuska da mayafi.

*

Abin da ya biyo baya bai kai a kira shi adalci ba. Shugaba ta mai da Sista bakin aiki, ta aika wa iyaye layi biyu cewa an samu matsalar na'ura. Yaya ya ajiye aiki, aka ce saboda hawan jini. Sunan Ummi ya riga ya tafi, kuma Shugaba ta ce janye shi zai jawo tambayoyi, don haka ya zauna. 'Yar tela ba ta koma makaranta ba. Iyayen da suka yi ta zagi ba wanda ya ba da haƙuri, sun dai ci gaba da gaya wa 'ya'yansu su kula da kofi. Sista takan biya shagon da yamma da littattafai a jaka, abin da ya rage ke nan.

A dangi kuwa magana ɗaya ce: ta tozarta wanda ya rene ta a gaban bare. Matar Yaya ta daina ɗaukar wayarta. Ranar da Ummi ta tafi, a bakin wata maƙwabciya ta ji. Ta riga ta saya mata fitilar karatu, tana nan a cikin kwalinta a kan firij.

Bayan an kwana biyu, tana zaune a ofis da rana tana bin sawun wani saƙon, wayarta ta yi ƙara. Sunan Yaya ta gani. Ta buɗe. Layi ɗaya ne.

Kin yi ƙoƙari, kanwata.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta so ta ce wayarsa ce ta lalace, ko sauri yake yi, ko tsufa ya fara taɓa masa ido. Amma aikinta ke nan, ba ta iya karanta abin da ba shi ne a rubuce ba. Ga ƙoƙari nan da ƙugiyoyinsa biyu, kowace a mazauninta. Tata kaɗai ya cire.